Tsohon Jirgin Fito da Ya Shayar da Viking Grace: Kuɗin Dakon Ruwan Gas a Tashar Sitokhom

A shekarunsa na farko, wajen ƙarfe shida da rabi na safe babban jirgin fasinja Viking Grace ke shigowa tashar Stadsgården da ke tsakiyar birnin Sitokhom, babban birnin Suwidin, bayan ya kwana yana ratsa tsibiran da ke tsakanin Finlan da Suwidin. A watan Janairu, a wannan lokaci gari bai ko fara haske ba. Fasinjoji na sauka, manyan motoci na fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya, masu gyaran ɗakuna na shiga da zannuwan gado, wasu fasinjojin kuma sun riga sun yi layi suna jiran hawa. Awa ɗaya da 'yan mintuna ke gare shi kafin ya juya ya koma birnin Turku na ƙasar Finlan. Cikin wannan ɗan lokaci ne wani ƙaramin jirgi, wanda tsawonsa bai kai rubu'in na Viking Grace ba, ke lallaɓowa ta ɓangaren ruwa ya manne masa. Sai a miƙa mesa a ɗaura. Kafin minti kaɗan bakin mesar da bututan da ke kusa sun yi fari fat da ƙanƙara, domin abin da ke gudana a ciki sanyinsa ya kai digiri 162 ƙasa da sifili. Kafin a ɗage gadar fasinjoji, kimanin tan 60 sun shige.

Sunan ƙaramin jirgin Seagas. Shi ne na farko a duniya da aka keɓe domin ɗura wa wani jirgi iskar gas da aka sanyaya har ta zama ruwa, wadda 'yan harkar ke kira LNG, ni kuma a nan zan riƙa ce mata ruwan gas. Sai a kula, ba gas ɗin da direban tirela ke nufi ba ne idan ya tsaya a gidan mai. Wancan dizal ne, kuma da sunan dizal zan kira shi.

Abin da ya ja ni ga wannan lamari shi ne yadda yake fito da wani abu da ake yawan tsallakewa idan ana maganar sabon makamashin jiragen ruwa. Ana yawan ɗauko farashin gas a kasuwar Turai a ajiye kusa da farashin mai, a ce ga riba. Amma mai jirgi ba ya sayen gas a kasuwar Turai. Yana sayensa ne a bakin tankinsa, a wata tasha, a wata awa, kuma tsakanin waccan kasuwa da wannan bakin tanki akwai hannuwa da yawa, kowane da ladansa.

Dokar da ta tilasta

Tekun Baltik ruwa ne kusan rufaffe, marar zurfi, ƙasashe tara na kewaye da shi. Tun a 2006 Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya ta sa shi cikin yankunan da aka taƙaita farar wutar da ke cikin man jirgi. An fara da kashi 1.5 cikin ɗari, aka rage zuwa kashi 1 a 2010, aka kuma sanar cewa daga 1 ga Janairun 2015 ba za a wuce kashi 0.1 ba. Wannan ya nuna baƙin mai, wanda shi ne abincin manyan jirage mafi araha, ya kusa fita daga yankin, sai ga wanda ya sa wa jirginsa na'urar wanke hayaƙi. Sauran zaɓi biyu su ne dizal mai tsabta mai tsada, ko ruwan gas, wanda kusan ba shi da farar wuta ko kaɗan.

Kamfanin Viking Line, da ke da hedikwata a Mariehamn a tsibiran Åland na ƙasar Finlan, ya zaɓi na ƙarshen. Ya ba masana'antar STX da ke Turku aikin ƙera jirgi mai tsawon mita 218, mai ɗaukar fasinja 2,800, da injunan kamfanin Wärtsilä guda huɗu masu cin gas su kuma ci dizal. Kuɗinsa ya kai wajen Yuro miliyan 240, gwamnatin Finlan ta ba da tallafin Yuro miliyan 28 saboda amfaninsa ga muhalli. Ya fara aiki a Janairun 2013. Kafin shi an yi jiragen fito masu amfani da ruwan gas a Norwe, tun daga Glutra a shekarar 2000, amma ƙanana ne. Ba a taɓa yin babban jirgin fasinja irin wannan ba.

An ɗora masa tankuna biyu a buɗaɗɗen wuri a baya, kowane na cin kubik mita 200. A ido suna da girma, amma ruwan gas ba shi da nauyi: kubik mita ɗaya bai kai rabin tan ba. Duk da tan ɗinsa ya fi tan ɗin dizal ƙarfi da ɗan abin da ya haura kashi 15 cikin ɗari, wurin da yake ci ya kusa ninka na dizal, tun kafin a lissafa kaurin bangon tankin da ke riƙe sanyi. Saboda haka tankunan biyu ba su wuce guzurin kwana biyu zuwa uku ba. Jirgin da zai iya shan dizal ya daɗe bai sake nema ba, yanzu sai an shayar da shi sau biyar ko shida a mako. Daga nan duk lissafin ya samo asali.

Hanyar da tan ɗaya ke bi

Sitokhom ba ta kan bututun gas na ƙasa. Bututun Suwidin ya shigo ne daga Denmak ya bi gaɓar yamma, ta Malmö zuwa yankin Göteborg, bai tsallako gabas ba. Don haka duk ruwan gas ɗin da Viking Grace zai sha sai an yi dakonsa.

A shekarun farko, tafiyar kan fara ne daga Risavika, kusa da Stavanger a Norwe, inda kamfanin Skangass ke da masana'antar sanyaya gas mai fitar da tan 300,000 a shekara. A ma'aunin wannan sana'a ƙaramar masana'anta ce. Ta Bonny a jihar Ribas an gina ta ne ta fitar da tan miliyan 22. Sanyaya gas har ya zama ruwa, ya tsuke sau 600, aiki ne mai cin wuta sosai, kuma ƙaramar masana'anta kan biya fiye da babba a kan kowane tan. Wannan shi ne kuɗi na farko da ke hawa kan farashin gas ɗin.

Daga can a loda wa ƙaramin jirgin dako, ya zagayo kudancin Norwe da Suwidin ya shigo Baltik, ya sauke a Nynäshamn, wajen kilomita 60 kudu da Sitokhom. A nan kamfanin AGA, na rukunin Linde, ya buɗe daffo a 2011 mai tanki ɗaya na kubik mita 20,000. Domin a ga ƙanƙantarsa: manyan jiragen da ke lodi a Bonny ko Ƙatar suna ɗaukar wajen kubik mita 174,000, wato tankin Nynäshamn ko da babu komai a cikinsa ba zai karɓi kashi ɗaya cikin takwas na lodinsu ba. Lodi ɗaya na irin waɗannan jirage zai ciyar da Viking Grace shekara huɗu. Duk rahusar da ake samu a babban dako ta tsaya ne a manyan tashoshi. Daga nan zuwa gaba, kayan sun koma hannun 'yan kiri.

Mai karatu zai yi zaton daga daffon sai jirgi. Ba haka ba ne. A wancan lokaci, a Nynäshamn a loda wa tankokin mota, kowace na ɗaukar tan ashirin da 'yan kai, su bi titi zuwa tashar mai ta Loudden a gefen Sitokhom. A can su juye wa Seagas. Tanka uku ke cika shi. Sannan Seagas ya taso, ya ratso tashar birnin, ya je ya jira Viking Grace.

A ƙirga: daga masana'anta zuwa jirgin dako, daga jirgin dako zuwa daffo, daga daffo zuwa mota, daga mota zuwa Seagas, daga Seagas zuwa tankin Viking Grace. Juyi biyar ke nan kafin ɗigo ɗaya ya shiga inji. Idan dizal ne, juyi ba wani abu ba ne, famfo ne da mesa. Amma ruwan gas haja ce irin ta mai sayar da ƙanƙara a watan Afrilu: tun daga lokacin da ta bar injin sanyi take raguwa. Kowane tanki a wannan hanya babban fulas ne, kuma babu fulas ɗin da zafi ba ya ratsawa. Kafin a fara juyi sai an sanyaya mesa da bututu sannu a hankali, domin ƙarfe mai ɗumi idan ruwan ya taɓa shi nan take yake tafasa. Bayan an gama sai an kwashe abin da ya rage a layin. Abin da ya tafasa ya koma iska, ya ƙara matsi a tanki, dole a nema masa mafita: ko inji ya cinye shi, ko a tura shi ga wani mai buƙata, ko a sake sanyaya shi da wani kuɗin. Kuma ruwan da ya sha juyi da yawa yakan isa da ɗan ɗumi fiye da yadda ya taso, wanda ke rage kwanakin da zai iya zama a tankin mai saye.

Me ya sa aka yarda da wannan doguwar hanya? A ganina kowace gajeriyar hanya da aka duba tana da shinge. A makonnin farko, kafin Seagas ya fara aiki a bazarar 2013, da tankokin mota ake ɗura wa jirgin kai tsaye. Sai dai juye tanka ɗaya kan ci kusan awa guda, ga uku ana buƙata, jirgin kuma awa ɗaya yake da ita, a kan gaɓar da motocin fasinja da tireloli ke turereniya. Gina tankin ajiya a Stadsgården kuwa yana nufin ajiye ɗaruruwan tan na makamashi a ƙarƙashin tudun Södermalm, inda gidajen mutane ke leƙo tashar. Ita kuma hanyar ruwa daga Nynäshamn zuwa cikin Sitokhom ta fi titi nisa, ga tsibirai dubbai, ga ƙanƙara a hunturu, ga shi ana son zuwa kusan kullum. Sai aka raba aikin: mota ta ci nisan, jirgi ya ci saurin.

Dalilin da tsohon ƙarfe ya fi sabo

Seagas ba sabon jirgi ba ne. An ƙera shi a 1974 a Norwe da sunan Fjalir, ya shekara kusan arba'in yana fiton motoci a mashigan ruwan ƙasar. AGA ya saye shi, aka kai shi masana'antar Fiskerstrand, aka ɗora masa tanki ɗaya kwance mai cin wajen kubik mita 180 a inda motoci ke tsayawa a da. Tarayyar Turai ta sa hannu da ɗan tallafi daga asusunta na hanyoyin sufuri.

Na daɗe ina ganin wannan ita ce shawara mafi hikima a duk aikin, kuma dalilin lissafi ne. Kuɗin jirgin ɗura kusan duk a tsaye yake. Ko ya yi aiki ko bai yi ba, akwai bashin da aka ƙera shi da shi, akwai albashin matuƙa da aka horar musamman kan wannan haja, akwai inshora, akwai binciken hukumomi, akwai kuɗin wurin tsayawa. Abin da ke sauyawa kawai shi ne yawan tan ɗin da za a raba wannan kuɗi a kansu. Idan Seagas ya kai tan 60 sau shida a mako, a shekara ya kai tan 18,000 da ɗoriya. Idan sau biyar ne, 15,000 da ɗoriya. A kan wannan adadi za a raba kuɗin jirgi guda da ma'aikatansa na shekara. Da a ce an ƙera sabon jirgi mai cin kubik mita dubu biyar, mai tsada ninkin-ba-ninkin, ba tare da an sami ƙarin masu saye ba, da kowane tan ya ɗauki kaya fiye da ƙarfinsa, da kuma dizal ya kayar da shi tun a shekarar farko. An ɗinka rigar daidai jikin mai ita. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanenmu, kuma a nan maganar ta zauna.

Haka ma motocin. Tanka uku a rana, kwana shida a mako, ya haura zuwa 900 a shekara. Kowace ta je ta dawo kilomita 120 ne ko fiye, rabinsu ba kaya, domin tankar ruwan gas ba ta ɗauko komai a hanyar komawa. Jimilla ta wuce kilomita 100,000. Duk wanda ya san yadda kuɗin dakon fetur daga Legas ko Fatakwal ke hawa kan lita kafin ta iso Kano ya san wannan lissafi ba sai an koya masa ba. Bambancin shi ne tankar ruwan gas ta fi ta fetur tsada nesa ba kusa ba, bango biyu gare ta da sararin da aka zuƙe wa iska a tsakani.

Shi kansa daffon Nynäshamn ba domin jirgin aka gina shi ba, kuma wannan ma ya taimaka ƙwarai. Ya riga Viking Grace da kusan shekara biyu. Matatar mai ta Nynas da ke maƙwabtaka tana karɓar gas daga gare shi, haka ma layin gas na cikin birnin Sitokhom, ga masana'antu da ake kai wa da mota. Da jirgin ya zo, sai ya tarar da wasu sun riga sun ɗauki wani kaso na nauyin tankin. Kuma daffon da ke da masu jan gas kullum yana da inda zai tura tururin da ke tashi, ba sai ya zama asara ba. A wurare da dama inda aka so a fara wannan sana'a, abin da ya hana shi ne kallon-kallo: mai jirgi ya ce ba zai ƙera jirgin gas ba sai ya ga inda zai sha, mai daffo ya ce ba zai zuba jari ba sai ya ga mai saye. A Sitokhom kowa ya ga ɗan'uwansa kafin ya sa kuɗi. AGA ya sami abokin ciniki ɗaya tak, amma wanda ke zuwa wuri ɗaya, a awa ɗaya, da ƙishirwa iri ɗaya, shekara da shekaru. Jirgin fito mai jadawali shi ne irin mai sayen da kowane ɗan wannan sana'a ke addu'ar samu.

Akwai wani abu da ba a sa shi a takardar farashi amma da babu shi da komai ya rushe: izinin ɗura gas alhali fasinjoji na hawa da sauka. A 2013 babu dokar duniya da aka kammala kan jirage masu amfani da gas. Wadda ake bi yanzu sai a Janairun 2017 ta fara aiki. Hukumomin Suwidin da na tashar da kamfanonin sai da suka zauna suka tsara ƙa'idojin da kansu, da nazarin haɗari, da tazarar da ba a yarda wani jirgi ko wuta su kusanto ba, da mesar da ke rufe kanta idan jiragen biyu suka rabu ba shiri. Da an ce sai an kwashe kowa kafin a ɗura, da jirgin ya rasa awa ɗaya a kowace rana a hanyar da ba ta da rarar ko rabin awa. A ganina asarar wannan awa ta fi duk kuɗin motoci da na Seagas. Cikin 2016 aka cika ɗuri na dubu.

Da sana'ar ta girma

Bayan Seagas jiragen ɗura suka fara fitowa sababbi. A 2017 kaɗai an sami Engie Zeebrugge mai kubik mita 5,000 a Beljiyam, da Cardissa na Shell mai 6,500 a Rotadam, da Coralius mai 5,800 a yankin Baltik. A 2020 Gas Agility ya fito da kubik mita 18,600, kimanin cikin Seagas sau ɗari, domin ciyar da manyan jiragen kwantena na CMA CGM, waɗanda ke shan ɗuri ɗaya a Rotadam su je Asiya su dawo. A can hanyar gajeriya ce: babban jirgin dako ya sauke a babban daffon Gate na Rotadam, jirgin ɗura ya loda a gefensa, ya juye wa mai saye. An tsallake ƙaramin daffo, an tsallake motoci. Shi ya sa tan ɗin ruwan gas a Rotadam da tan ɗinsa a ƙaramar tasha a arewacin Baltik suke haja ɗaya amma farashi biyu.

Sai dai girma ba ya warkar da ciwon, yana ƙara masa nauyi ne idan babu ciniki. Wasu daga cikin waɗannan jirage sun yi shekarunsu na farko suna jiran masu saye, wasu suka riƙa haɗawa da dako tsakanin ƙananan daffo domin kada su zauna haka. A Baltik kuma kasuwar ta tattaru a hannu ɗaya: Gasum na Finlan, wanda ya riga ya mallaki Skangass, ya sayi harkar ruwan gas ta AGA a 2020, har da daffon Nynäshamn da aikin Seagas. Mai daffo da yawa da jirage da yawa yana iya cike giɓin wannan da rarar wancan. Mai saye kuma zaɓinsa ya ragu.

2022

Tan ɗaya na ruwan gas yana ɗauke da kimanin megawat-awa 15, a ma'aunin da kasuwar gas ta Holan ke amfani da shi. A shekarun da farashin ke yawo a wajen Yuro 20 kan kowace megawat-awa, gas ɗin da ke cikin tan ɗaya bai wuce Yuro 300 ba, kuma a irin wannan lokaci kuɗin sanyayawa da dako da ɗuri su ke yanke hukuncin ko mai jirgi ya ci riba ko bai ci ba. A tsakiyar 2020, lokacin annobar korona, farashin ya faɗi ƙasa da Yuro 5. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, gas ɗin da ke zuwa Turai ta bututu daga Rasha ya ragu ƙwarai, a watan Agusta farashin ya haura Yuro 300. Wato tan ɗaya ya haura Yuro 4,500 tun kafin a ɗora masa ko sisin dako, alhali dizal na jirgi, duk da shi ma ya yi tsada, bai kai dala 1,500 ba.

Masu injin da ke cin biyu suka yi abin da kowa zai yi: da yawansu suka juya suka koma dizal. Inji mai cin biyu garkuwa ce ga mai jirgi. Amma a duba inda nauyin ya faɗa. Daffo na nan, tankokin mota na nan, jirgin ɗura da matuƙansa na nan, kuɗinsu bai ragu da komai ba, tan ɗin da za a raba shi a kansu ne ya ragu. Shi ya sa masu samarwa ke nacewa a kan doguwar yarjejeniya da mafi ƙarancin abin da mai saye zai ɗauka, masu jirage kuma ke nacewa a bar musu ƙofar fita. Wannan ja-in-ja ce ta gaske, kuma ban ga laifin kowane ɓangare ba, domin kowa bashin banki yake kallo.

Wanda bai da ƙofar fita ya ga tasku. Kamfanin Fjord Line na Norwe ya ƙera jiragensa biyu, Stavangerfjord da Bergensfjord, da injunan da ba sa cin komai sai gas. An yabe su a lokacin, domin sun fi kowa tsabtar hayaƙi. Da farashi ya haukace suka rasa tudun dafawa, har a 2023 aka janye su daga aiki aka cire injunan, aka sa masu cin biyu. Jirage ne da ba su wuce shekara goma ba. Shi kuwa Viking Line, a watan Maris na wannan shekara ta 2022 ya fito da jirginsa na biyu mai amfani da gas, Viking Glory, wanda aka ƙera a Xiamen ta ƙasar Sin, a kan wannan hanya ta Turku da Sitokhom. Jirgi biyu a tasha ɗaya abin farin ciki ne ga mai ɗura, domin kusan kayan aiki ɗaya za su ɗauki ninkin tan. Sai ga shi ya iso a shekarar da gas ya fi kowace tsada.

Siyasa ta sake taɓa hanyar dakon a 2024. Gasum ya kasance yana ɗauko wani kaso na ruwan gas ɗinsa daga Vysotsk a Rasha, can ƙarshen mashigin Finlan, kusa ƙwarai. A watan Yulin shekarar takunkumin Tarayyar Turai ya hana shigo da ruwan gas na Rasha ta daffon da ba a haɗa su da babban bututu ba, wato irin ƙananan daffo na Suwidin da Finlan, kamfanin kuma ya daina. Abin da ke zuwa daga nan kusa sai an nemo shi daga wani wuri, kuma kowane yini da ƙaramin jirgin dako ya ƙara a teku yana bayyana a bakin mesa.

Mu ma wannan lissafi bai yi mana nisa ba. Ruwan gas na Bonny na cikin abin da ke cika manyan daffon Turai. A cikin gida kuma, kamfanin Greenville da ke Rumuji a jihar Ribas yana sanyaya gas ya loda wa tankokin mota su hauro da shi arewa, inda bututu bai iso ba tukuna. A Suwidin kilomita 60 motar ke yi. A nan kusan dubu ne, a kan titunanmu, cikin zafinmu, da hajar da ke ƙirga kwanaki. Duk wanda ke tunanin kafa tashar ɗura wa jirage gas a Legas ko Onne, tambayar da zan fara yi masa ita ce wane ne Viking Grace ɗinsa, wato wane jirgi ne zai zo kowane mako ba fashi. Kusancinmu da rijiyar gas ba ya amsa wannan tambaya.

Akwai kuma wani kuɗi da bai cikin lissafin 2013 amma ya shigo yanzu. A bakin bututun hayaƙi ruwan gas ya cika alkawarinsa: farar wuta kusan babu, toka kusan babu, iskar kabon ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Sai dai injuna irin na Viking Grace ba sa ƙone gas ɗin duka. Wani kaso na metan, wato iskar da ita ce mafi yawan abin da ke cikin gas ɗin, yana sulalewa ɗanye, shi kuma metan ya fi kabon riƙe zafi kusan sau 30 a tsawon shekara ɗari. Dokar makamashin jirage ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Janairun 2025 tana ƙaddara cewa irin wannan inji na zubar da kashi 3.1 cikin ɗari na abin da ya sha, sai in mai jirgi ya kawo shaidar awo da ta nuna ƙasa da haka. Kasuwar sayen izinin hayaƙi ta Turai, wadda ta shigar da jiragen ruwa a 2024, an tsara ta fara ƙirga metan daga 2026. A kan tan 18,000 a shekara, kashi 3.1 cikin ɗari ya haura tan 550 na gas da aka sanyaya a masana'anta, aka yi dakonsa a teku, aka sauke a Nynäshamn, aka hau titi da shi, aka juye sau biyar, mai jirgi ya biya kuɗinsa, sannan zai sake biyan kuɗin fitarsa ta bututun hayaƙi.